Hannun da ke ci da gida: sharhi kan ciwon yatsu da wuyan hannu a birnin Zazzau

Birnin Zazzau gari ne da hannu ke ciyarwa. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga zauren da aka shimfiɗa shadda a cinya ana bin zanen aska biyu ko aska takwas da allura ba. A cikin gidaje kuwa, tun da mata suka shiga ɗinkin babbar riga a shekarun da suka biyo bayan 1970, aikin ya zama abin da ake sayen omo da shi, a biya kuɗin Islamiyya, a tara kayan ɗakin 'ya mace. Ga masu bugu, ga dukawa, ga magina, ga malaman da ke rubutun allo tun asuba, ga kuma daka da wanki da tuƙin tuwo waɗanda ba a ma lissafa su cikin sana'a. Mutumin da ƙafarsa ta yi ciwo yana iya zama ya ci gaba da ɗinki. Wanda babban yatsansa ya ƙi riƙe allura kuwa, cefanen gidan ne ya tsaya.

Duk da haka, ciwon hannu yana cikin cututtukan da muka fi rainawa. Hajiya ta ce yatsunta suna mata zugi da dare, sai a ce sanyi ne. Malam ya ce wuyan hannunsa ya kumbura, sai a ce sanyi ne, ko kuma girma ne ya zo. Daga nan sai man zafi, sai a aika yaro kemis ya karɓo haɗi, in abin ya ƙi a kira wanzami ya yi ƙaho. Gaskiyar magana ita ce, akasarin ciwon hannu ba ya naƙasa mutum, kuma haƙuri da ɗan gyaran yadda ake aiki sun ishe shi. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da ke tsere da lokaci: in aka tare su da wuri hannu ya tsira, in aka yi jinkiri ba likitan da zai dawo da abin da ya lalace. Kuma rarrabe wannan da wancan ba ya buƙatar na'ura a matakin farko. Tambayoyi ne da kowa zai iya yi wa kansa: wane yatsa ne, a wane lokaci na yini ciwon ke tashi, kuma tun yaushe.

Hannu ɗaya, daga wuyansa zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne: 8 ƙanana a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Naman da ke lanƙwasa yatsu da ƙarfi ba a yatsun yake ba, yana can a tsintsiyar hannu, yana jan su da wasu dogayen igiyoyi. Mu kira waɗannan jijiyoyin ja. Akwai kuma wasu jijiyoyi uku na daban masu tasowa daga laka ta wuya, su ke kai saƙon taɓawa da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa, su kuma kawo umarnin motsi. Mu kira su jijiyoyin ji. Kowace cikin ukun tana da yankinta a hannu, iyakar kuma ba ta canzawa sosai daga mutum zuwa mutum. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa, tun kafin ya tura ka hoto, zai tambaye ka ko ƙaramin yatsa yana cikin masu mutuwa. Amsar kaɗai ta raba hanya biyu.

A ɗauki wanda ya fi yawa. A gefen tafi na wuyan hannu akwai wani ɗan matsattsen rami, ƙashi ta ƙasa da gefe, wani tantani mai tauri ya rufe shi ta sama. Jijiyoyin ja 9 ne ke bi ta cikinsa, tare da jijiyar ji guda ɗaya. Tamkar mahaya tara ne da mai tafiya a ƙasa guda suka haɗu a ƙofar gari ranar hawan Sallah: in wuri ya ƙara matsewa, an san wanda zai sha wuya. Duk abin da ya kumbura a ramin nan, jijiyar ji ce ke matsuwa. Alamarta minjirya da mutuwar babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Ta fi tashi cikin dare, domin mai barci yakan lanƙwashe hannu bai sani ba. Mutum ya farka yana yarfe hannu, ya ɗan ji sauƙi, ya koma barci. Da rana sai allura ta riƙa suɓucewa, ɓalle maɓalli ya zama aiki, kofin shayi ya faɗi ba dalili. Wani likitan fiɗa na Amurka, George Phalen, shi ya yaɗa sanin wannan ciwo a shekarun 1950, kuma gwajin da ake kira da sunansa ana iya yin sa a tsakar gida: ka haɗa bayan hannuwanka biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, ka riƙe minti ɗaya. In minjiryar ta taso a waɗancan yatsu, akwai alamar tambaya.

Mata sun fi maza kamuwa da shi nesa ba kusa ba. Ciki yana kawo shi, musamman a watannin ƙarshe da jiki ke tara ruwa, kuma galibi yakan tafi da kansa bayan haihuwa. Ciwon suga yana kawo shi, haka ƙiba, haka raunin ƙwayar wuyan nan da ke daidaita aikin jiki, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo. Aiki ma yana da hannu a ciki, amma ba kowane aiki ba: wanda ke haɗa maimaitawa da matsa ƙarfi, ko mai girgiza hannu, irin na mai injin markaɗe da ɗan acaɓa da ke yini riƙe da kan babur. Maganinsa hawa-hawa ne. Na farko wani ɗan takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare don wuyan hannu ya kwana a miƙe. In bai yi ba, allurar rage kumburi a cikin ramin, wadda likita ne kaɗai ya kamata ya yi. In nan ma bai yi ba, ƙaramar tiyata ce: a kashe wurin, a tsaga tantanin da ya rufe ramin, mutum ya koma gida a ranar. Inda ake asara shi ne jinkiri. Ka duba tudun naman da ke gindin babban yatsa, ka gwada shi da na ɗaya hannun. In ya fara lotsawa, jijiyar ta daɗe a matse, kuma jijiyar ji ba ta gaggawar farfaɗowa. Ko an yanke ta an ɗinke, tohonta bai wuce kamar milimita ɗaya a yini ba. Wanda ya kai shekaru yana shafa man zafi, tiyata za ta tsayar masa da ɓarnar, amma ba lalle ƙarfin yatsan ya dawo duka ba.

Akwai ciwuka biyu na jijiyoyin ja da ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗaya na masu jego ne: zafi a gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa, mai tsananta in an ɗaga jariri ko an matse wanki. Wani likita ɗan Siwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana shi a 1895. Ruwan wankan jego ba shi ya kawo shi ba, kuma ba shi zai kore shi ba. Hutu da ɗaurin babban yatsa da canza yadda ake tallabar jariri sun fi amfani. Ɗayan shi ne yatsan da ke maƙalewa in an dunƙule hannu, sai an sa ɗaya hannun an ɓalle shi ya miƙe da ɗan ƙara. Allura guda takan warware shi ga mutane da yawa. Haka ƙullutun nan mai santsi da kan fito a bayan wuyan hannu: ruwan gaɓa ne ya taru, ba daji ba ne, sau da yawa yakan ɓace da kansa, kuma tsaga shi da aska neman ƙwayar cuta ne kawai.

Abin lura a nan shi ne yadda ciwon suga ke leƙowa ta hannu. Maƙalewar yatsa, matsewar jijiya, da ƙagewar yatsu har mutum ya kasa haɗa tafukansa biyu su manne sosai, duk sun fi yawa ga masu suga, wani lokaci ma su ne sallamar farko kafin a san ciwon yana nan. Mafi muni kuwa shi ne abin da likitocin Najeriya suka fara ba da rahotonsa tun farkon shekarun 1980: mai suga ya soke da allura ko ƙayar kifi, ko ƙwaro ya cije shi, ko karkare ya fito masa, cikin 'yan kwanaki hannun ya kumbura ya ruɓe har a kai ga yanke shi, wani ma ya rasa ransa. A garin da dubban mutane ke wuni da allura a hannu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai suga da yatsansa ya yi ja ya kumbura, asibiti zai nufa a ranar, ba wurin mai sakiya ba.

To, in ƙaramin yatsa da rabin na zobe ne ke mutuwa fa? Wannan wata jijiyar ce, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, wurin nan da in ka buge kake jin tartsatsi har yatsu. Yawan dogara gwiwar hannu a kan abu mai tauri ko kwana da hannu a naɗe yakan matse ta. Amma a ƙasarmu akwai wani dalilin da bai kamata a manta ba, ko da yake ba a son ambatonsa: kuturta. Ƙwayar da Gerhard Hansen ya gano a ƙasar Nowe a 1873 tana son jijiyoyin ji da ke kusa da fata, kuma wannan ta gwiwar hannu tana cikin waɗanda ta fi kamawa. Najeriya ta sanar da cewa ta rage cutar zuwa ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000 tun 1998, sai mutane suka ɗauka an gama da ita, alhali a yawancin shekarun nan ana samun sababbin masu ita 2,000 ko fiye. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, tare da mutuwar yatsu ko lanƙwashewar ƙaramin yatsa da na zobe, ya isa a je a duba. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya, shi ya nuna wa duniya cewa ba cutar ce ke cin yatsu ba. Hannun da ba ya jin zafi ne ke ƙonewa a murhu, ya yanke, ya yi gyambo, mai shi bai sani ba, har yatsun su ƙare. Maganin haɗaka na wata 6 ko wata 12 yana kashe ƙwayar, kyauta ake ba da shi a duniya tun 1995, kuma mutanen Zazzau ba su da uzurin nisa, domin cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana nan Saye, a gefen gari. Kunya ce ke cinye yatsun, tun da ita ke hana zuwa.

Sai mu zo kan gaɓoɓi, inda aka fi cakuɗa abubuwa. Amosanin gaɓɓai ba iri ɗaya ba ne, kuma manyan nau'o'insa biyu sun yi hannun riga. Na farko na zaizayewa ne: guringuntsin da ke kan ƙashi ya siraɗe, ƙashi ya yi toho a gefe. A hannu yakan kama gaɓar da ke kusa da farce, inda wasu ƙullutai masu tauri ke fitowa, da kuma gindin babban yatsa, wanda shi ne ke sa buɗe murfin kwalba ko murɗa makulli ya zama azaba. Ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma yana bin jini. In kakarki tana da irin waɗannan yatsu, kada ki yi mamaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan nau'i a gaɓoɓi daban-daban. Da safe yatsu kan ƙage na 'yan mintuna, su sake da an fara motsi, ciwon kuma ya ƙaru da yawan aiki. Ba a warkar da shi, amma ba kasafai yake hana hannu aiki gaba ɗaya ba. Yatsun kan karkace su yi muni a ido, su kuma ci gaba da tuƙa tuwo shekara da shekaru. Ruwan ɗumi, motsa yatsu, maganin shafawa mai rage kumburi, da ɗan ɗaurin gindin babban yatsa lokacin aiki mai nauyi, su ne abin yi.

Na biyu shi ne abin tsoro, wanda likitoci ke kira rumatoyid. Wannan ba tsufa ba ne, ba kuma aiki ba ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa shimfiɗar da ke cikin gaɓa, ta kumbura, ta riƙa cin guringuntsi da ƙashi da jijiyoyin ja. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓi: tushen yatsu inda suka haɗu da tafi, gaɓar tsakiyar yatsa, da wuyan hannu, dama da hagu a tare, ya kuma tsallake gaɓar kusa da farce. Kumburinsa mai laushi ne da ɗumi. Babbar alamarsa safiya: mutum ya tashi hannu a sandare, ya kasa dunƙulawa, ya kasa riƙe buta, abin ya kai awa guda ko fiye kafin ya sake. Ga gajiya, ga rama, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Yana kama matasa da masu matsakaicin shekaru, ba tsofaffi kaɗai ba. A ƙiyasin hukumar nan ta duniya na 2019, mutum miliyan 18 ne ke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Shan taba yana ƙara haɗarinsa.

Tarihin wannan cuta a Najeriya yana da ban sha'awa, kuma ya ratsa ta Zariya. Wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, yana aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a shekarun 1960 ya lura cewa rumatoyid da dangoginsa ba su da yawa a cikin marasa lafiyar da ake kwantarwa, in aka gwada da Turai. A 1968 ya wallafa ra'ayin cewa wataƙila yawan fama da zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan tsutsa yana sauya halin garkuwar jiki har ta rage afka wa mai ita. A 1970 ya dawo Najeriya, zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekara 10 a sabuwar makarantar likitancinta, inda hankalinsa ya fi komawa kan sanƙarau. A 1993 wani bincike a karkarar kudu maso yammacin ƙasar nan ya duba kusan mutum 2,000 bai sami tabbataccen mai cutar ko ɗaya ba. Daga irin waɗannan rahotanni aka gina zaton cewa cutar ta Turawa ce. Amma da aka sami asibitocin da suka keɓe sashe don ita, sai marasa lafiya suka fito: a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 200 daga asibiti guda a Legas. Ko cutar ce ta ƙaru da zaman birni, ko idon masu nema ne ya buɗe, ana nan ana muhawara. A ganina, ko wanne ne, tsohon zaton ya yi mana illa, domin cutar da aka koya wa ma'aikacin lafiya cewa babu ita, ba zai gan ta ba ko tana zaune a kan bencinsa.

Illar kuwa a lokaci take. Ɓarnar da rumatoyid ke yi wa ƙashi takan fara tun cikin shekara ta farko ko ta biyu, kuma abin da ya cinye ya cinyu. Amma akwai magungunan da ke dakatar da cutar kanta, ba zafin kaɗai ba. Jagoransu metotireksat ne, tsohon magani mai sauƙin kuɗi in aka gwada da sababbin allurai, wanda ya zama ginshiƙin jinyar tun shekarun 1980. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba. Wanda ya sha kullum bisa kuskure yana iya mutuwa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, abin da ya sa dole a yi maganar a fili da matar da mijinta. Wanda aka fara wa cikin watannin farko yana da kyakkyawan zaton ya ci gaba da sana'arsa. Wanda ya zo bayan shekara biyar, yatsu sun kwanta gefe guda, sai dai a tsare abin da ya rage. Gwajin jini yana taimakawa, amma akwai masu cutar da gwajinsu ke fitowa ba komai, don haka takardar ɗakin gwaji ba ta soke abin da ido ya gani a hannu. Ƙa'idar da za a riƙe mai sauƙi ce: kumburin gaɓoɓin yatsu a hannu biyu, da sandarewar safe mai tsawo, in ya kai mako 6, aikin likitan gaɓoɓi ne.

Shin sanyin ba shi da laifi ke nan? Masu amosani da yawa suna jin ciwonsu ya ƙaru da hunturu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Alwala da ruwan randa a watan Janairu ba abin wasa ba ce ga yatsun da dama a kumbure suke. A ɗumama ruwan. Amma sanyi yana tsokano ciwon da yake nan ne, ba shi ke haifar da shi ba, kuma ba a taɓa korar rumatoyid da citta da kanumfari ba.

Abin da ya fi damuna a wannan fage shi ne haɗin kemis. A ƙulla wa mutum ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna: daikulofenak, da firoksikam, da farasitamol, da wata 'yar ƙaramar fara wadda galibi firednisolon ce ko deksametason, wani lokaci har da tiramadol. Yana aiki, nan ne matsalar. Cikin yini biyu Hajiya ta ji garau, ta sa albarka, ta mai da shi abincin kullum. Biyun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka haɗarin gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda, balle ga mai hawan jini ko mai azumi da ke sha a cikin da ba komai. 'Yar farar kuwa, in aka daɗe ana sha, fuska ta yi fam, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, kuma in aka daina ta farat ɗaya jiki yana iya faɗuwa. Sai an janye ta a hankali a hannun likita. Likitoci ma suna ba da ita, amma da awo da wa'adi. A duk tsawon wannan lokaci, in rumatoyid ne, yana can yana cin ƙashi a ɓoye, an dai toshe masa baki ne.

Yara ma suna da nasu. Jaririn da ya haura wata shida, bayan hannuwansa ko ƙafafunsa suka kumbura suka yi zafi, yana ta tsala kuka in an taɓa, sau da yawa wannan ce alamar farko ta sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a shekara. Ba targaɗe ba ne, ba kuma maita ba. Gwajin jini ne zai faɗa.

Ga kuma faɗuwa. Wanda ya zame a bakin rijiya ko babur ya kayar da shi, hannu yake tokarawa, sai ƙashin tsintsiyar hannu ya karye dab da wuyan hannu. Ga tsohuwa, irin wannan karaya daga 'yar ƙaramar faɗuwa alama ce ta raunin ƙashi gaba ɗaya. Ga saurayi kuwa akwai wata mai yaudara: ɗaya daga ƙananan ƙasusuwan nan 8, wanda ke ƙarƙashin ɗan kwarmin gindin babban yatsa, yakan tsage ba tare da kumburin kirki ba, hoton farko ma ya kasa nuna shi sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isarsa sosai, don haka in ba a ɗaure shi ba yakan ƙi haɗewa, bayan shekaru wuyan hannun ya zaizaye tun mai shi bai tsufa ba. A nan ne maganar masu ɗori ke shigowa, kuma ba na cikin masu yi musu kuɗin goro. Suna kusa, suna da sauƙin biya, akwai gidajen da suka gaji aikin kaka da kakanni, kuma karaya mai sauƙi takan haɗe a hannunsu. Haɗarin yana cikin ɗaurin kara da aka tamke a kan hannun da bai gama kumbura ba. Jini ya tsaya, nama ya fara mutuwa cikin awoyi ƙalilan. Richard von Volkmann ya bayyana sakamakon a Jamus tun 1881: hannu ya ƙanƙance, yatsu su dunƙule har abada, in ma ba a kai ga yankewa ba. Likitocin ƙashi na asibitin koyarwa na Shika da na asibitin ƙashi na Dala a Kano sun san wannan hoto sarai, kuma yara ne suka fi shan sa. Alamominsa ba sa ɓuya: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kukan da yaro ke yi in an miƙar masa da yatsa, yatsu su yi sanyi ko su canza launi ko su mutu. A kwance ɗaurin nan take, ko tsakar dare ne, ko an ce kwancewa kafin kwana bakwai yana karya lagon magani.

Ba kowane ciwon hannu ne a hannu yake ba. Ƙashin wuya in ya matse jijiya, zafin yakan gangaro ta kafaɗa zuwa yatsu, ya canza in an juya kai. Hannun da ya mutu farat ɗaya kuwa, tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana, shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ana lissafinta da mintuna.

Masu ɗinki sukan tambaya ko allura ce ke jawo musu duk wannan. Rumatoyid dai ba ruwansa da allura. Amma riƙe ƙaramin abu da matsi na awoyi, da tura allura cikin shadda mai kauri, yana gajiyar da jijiyoyin ja da gindin babban yatsa, kuma lokacin da abin ya fi tsananta sananne ne: daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin Sallah, sa'ad da kowa ke son rigarsa, ana kwana a kan aiki. Cewa mai ɗinki ya huta wata guda magana ce ta wanda ke da albashi. Abin da zai yiwu shi ne a ajiye allura na 'yan mintuna duk bayan rabin awa a miƙe yatsu, a ɗora aikin a kan matashi don wuyan hannu ya zauna a miƙe, a sa abin kare yatsa wajen turawa, a nemi haske mai kyau domin wanda ba ya gani sosai ya fi damƙe allura, kuma manyan da ke raba wa mata aiki a gidaje su daina tara shi a mako biyun ƙarshe.

Likitocin gaɓoɓi da na fiɗar hannu kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, akasarinsu a asibitocin koyarwa. Mutumin birni ya fi na ƙauye sa'a: asibitin Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, daga can ana iya tura shi asibitin koyarwa na Shika, inda akwai sashen ƙashi da na gashin ƙashi. Amma layin yana da tsawo, lokacin ganin likita kuma gajere ne. Wanda zai je ya tafi da amsoshinsa a shirye: yatsun da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, ko dare ne ko safiya, minti nawa hannun ke ɗauka kafin ya sake, watan da abin ya fara, da ko akwai suga ko ciki. Ya kuma tafi da ledar haɗin da yake sha, da sauran ƙwayoyin a ciki, domin likita ya ga ko 'yar farar nan tana ciki kafin ya rubuta wani abu.